Wa Ya Shaƙe Zabiya?

A Abijan, Alhamis ce ranar auren Musulmi. Duk wanda ya bi lungunan Ajame da la'asar a ranar zai tarar an tare titi da rumfunan tamfol, an jera kujerun roba, mata sun sha shadda da leshi. A wata Alhamis irin wannan bukukuwa biyu suka haɗu a layinmu. Na gabas namu ne, na 'yar wana. Na yamma kuwa na maƙwabtanmu ne Jula. Mu mun ɗauko yaro mai kwamfuta da manyan lasifikoki huɗu, yana sako mana waƙoƙin finafinan Kano ɗaya bayan ɗaya. Su kuma sun ɗauko maroƙiyarsu, wadda suke kira jeli, wata gajerar mace mai jiki, tare da mai buga balafon.

Wajen ƙarfe biyar sai wuta ta ɗauke. Ɓangarenmu ya yi tsit, kamar ruwa ya cinye mu. Jelin nan kuwa ajiye makirufo kawai ta yi a kan kujera, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Muryarta ta ratso layin tun daga can har rumfarmu, ta danne hon ɗin motocin gbaka da ke wucewa a babban titi. Ina kallo baƙinmu suka fara juya kujeru suna fuskantar bikin wasu.

Sai na ji Gwaggo ta ce, "Ku kawo mini ƙwarya da ruwa a baho."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Daga Maraɗi aka kawo ta Tireshbil tana amarya, lokacin mijinta yana aikin dako a tashar jirgin ruwa. Zabiya ce tun daga gida. A wancan zamani ba a yin suna ko aure a gidajen Hausawan Tireshbil ba a aika mata goro ba. Ranar nan ta haura shekara saba'in, sai da sanda take tafiya. Ta kife ƙwarya a kan ruwa, tsofaffi biyu suka zauna gefenta, ta buɗe baki. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Murya ce mai kauri da ɗan gurzo, daga ƙasan ƙirji take fitowa, kowace kalma ta fito tar. Ta kira kakannin amarya ɗaya ɗaya da sunan garinsu da sana'arsu. Ba a jima ba sai ga jelin can ta baro nata taron, ta zo ta liƙa wa Gwaggo jaka biyar a goshi, ta rusuna ta koma.

Ƙanwar amarya ta matso kusa da ni ta ce, "Kawu, ashe Gwaggo ta iya wannan? Me ya sa ba mu taɓa ji ba?"

Ban ba ta amsa ba, domin ina cikin waɗanda suka hana ta. Shekara talatin da suka wuce, mu 'ya'yanta da muka yi boko muka zaunar da ita muka ce ta bar wannan harka, tana ba mu kunya a gaban abokai. Ta kalle mu ta ce, "To, na ji." Ta rataye ƙwaryarta. Saboda haka idan kun ji ina zafi a wannan rubutu, ku sani da kaina na fara.

Maganata guda ce: mace Bahaushiya tana da ɗaya daga cikin muryoyi mafi ƙarfi a Afirka ta Yamma, mu da hannunmu muka shaƙe ta, muka maye gurbinta da wata siririyar murya ta aro, har yaranmu suka taso suna zaton haka Allah Ya halicci maƙogwaron mata.

Kafin wani ya ce ihu nake yabo, bari mu bambance. Mai ihu da maƙogwaro yake aiki, minti goma muryarsa ta dushe. Zabiya kuwa daga ciki take tara numfashi, ta tokare shi da haƙarƙari, ta ɗauki muryar da take magana da ita ta hau da ita sama ba tare da ta sauya zuwa siririyar muryar ka ba. Shi ya sa take kwana tana waƙa, gari ya waye tana iya gaisawa. Sai an koya, sai an sha wuya. Turawa ma sun san darajar wannan fanni. A Amurka, kafin makirufo ya shiga gidajen wasan kwaikwayo na waƙa a Broadway, dole mawaƙiya ta aika muryarta ta tsallake makaɗa ta kai kujerar ƙarshe. Da haka Ethel Merman ta yi suna tun daga 1930, har yau kuma ana koyar da salonta a makarantu. Mu namu salon ko suna ba mu ba shi a makaranta ba.

Idan ana lissafin masu irin wannan murya a Hausa, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ce a gaba, ban yarda da gardama ba. Ƙwarya ce kawai a bayanta da mata 'yan amshi. Babu fiyano, babu injin da ke gyara kuskure. Amma idan ta ɗaga murya a kan kishiya, ko haihuwa, ko macen da ta zauna ba sana'a, kowace mace a wurin takan ji da ita ake. Kafin ita akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano, wadda ta share wa kiɗan amada hanya. Barmani ta rasu a 2013. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wace ce ta hau kujerarta? Hausawa miliyoyi ne daga Sakkwato zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan, a ce an rasa yarinya mai ƙirji? Akwai su. Ƙofa aka rufe musu.

Ga yadda aka rufe ta. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na Kano da Zariya da Maraɗi, muka tashi da su a kunne. Muryar jaruma a cikinsu kusan guda ce, ta Lata Mangeshkar, siririya, can sama, mai zaƙi. Abin dariya ma, farkon fitowarta a ƙarshen shekarun 1940 wani mai shirya fim ya ƙi ɗaukar ta saboda a ganinsa muryarta ta cika siranta, domin a lokacin masu kaurin murya irin su Shamshad Begum ne ke tashe. Daga baya ita ta zama ma'auni. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, aka ɗauko tsarin Indiya: saurayi da budurwa suna rawa suna motsa baki, wasu can a sitidiyo ne suka rera. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ya ci kasuwa, hanya ta miƙe. Fiyanon Yamaha ya kori ƙwarya da kalangu, aka ce wa mawaƙiya ta hau sama ta tsaya can. Da kwamfuta ta iso kuma, sai aka sami injin da ke jan murya yana goge ta har ta koma kamar ta 'yar tsana.

Ban zargi Lata ba, gwana ce a gidansu. Ban zargi inji ba, abin da aka sa shi yake yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kuma ban ce mawaƙan fim ba su iya ba. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti sun ɗauki masana'antar nan a kafaɗa shekara da shekaru, sau da yawa fuskar wata ce ke karɓar tafin da muryarsu ta jawo. Duk mai kunne ya san akwai nauyi a muryar Fati wanda waƙar soyayyar fim ba ta cika ba shi fili ba. Laifin na masu riƙe da sitidiyo ne da suka yanke cewa murya ɗaya ce ke sayuwa, da kuma mu masu saye da muka amince.

Na ga abin da idona. Yarinyar nan da ta yi mini tambaya a wurin biki ta gaji maƙogwaron Gwaggo. Na raka ta wani sitidiyo da ba zan ambata ba. Tana fara rerawa mai injin ya cire abin kunnensa ya ce, "'Yar'uwa, rage. Wannan ai muryar iyaye ce. Yi mana ta 'yan mata." Ta rage, ta ƙara ragewa. Da aka gama ya bi sauran da kwamfuta. A mota muna sauraro ta ce, "Kawu, wannan ba ni ba ce." Kuɗina na biya aka yi mata wannan fashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Abijan muke, garin da ke nuna mana kullum cewa akwai wata hanyar. A nan Souleymane Koly, mutumin Gini, ya kafa ƙungiyar Kotéba a 1974, ya haɗa wasan kwaikwayo da waƙa da rawa a dandamali guda, yana ba da labarin talakawan gidan haya irin namu. Daga cikinta mata uku suka fito da sunan Les Go de Kotéba suka zaga duniya da muryar ƙirji. A nan Werewere Liking, 'yar Kamaru, ta kafa Ki-Yi a 1985, inda Dobet Gnahoré ta taso har ta ci kyautar Grammy a 2010. A nan Oumou Sangaré ta zo daga Mali ta naɗi kaset ɗin Moussolou a 1989, tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, babu wanda ya ce mata ta rage. Aïcha Koné ta yi shekaru fiye da arba'in tana cika dandali. Dukansu sun shiga sitidiyo, sun yi aiki da jita da fiyano, amma injin ne ya bi muryar. Fadar al'adu tana nan a Tireshbil a bakin ruwa, bikin MASA yana tara masu wasa daga ko'ina a Afirka tun 1993. Mu Hausawa da 'yan Nijar mun daɗe a garin nan, har abincin da ya fi kowane farin jini a titi, garba, sunan ɗan'uwanmu yake amsawa. Mun ciyar da Abijan, amma ba ta san muryar uwarmu ba.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na yarda. Ban ce a fasa fiyano ba. Cewa nake yi kasuwa da ke sayar da kaya iri ɗaya ba kasuwa ba ce. A bar siririyar murya ga mai ita, a bar mai kauri ga mai ita. Maza ai an bar su: ana sauraron Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo har gobe, babu wanda ya ce su yi ta 'yan samari.

Na biyu, za a ce addini bai son mace ta ɗaga murya. Wanda ya bar sauraron waƙar mata baki ɗaya saboda fahimtarsa, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Ina magana ne da wanda wayarsa ke cike da waƙoƙin rangwaɗa da yauƙi, amma idan ya ji tsohuwa tana kiɗan ƙwarya a cikin mata sai ya tuna da kunya. Wace ce ta fi kusa da kamun kai, mai marairaicewa a kunnen kowane namiji ko mai kiran sunan kakanni a tsakar gida? Mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya. Abin da ke damun mu da zabiya shi ne ba ta roƙon a so ta. Tana faɗa wa miji marowaci da uwar miji mai mita abin da ba a iya faɗa musu, kuma da ƙarfin da ba a iya yin kamar ba a ji ba.

Na uku, za a ce roƙo ne, ba sana'ar 'ya'yan mutunci ba ce. Wannan shi ne ainihin abin da muka faɗa wa Gwaggo. Amma yaron da muka biya ya danna kwamfuta ranar biki, ba kuɗi muka liƙa masa ba?

Saboda haka ga roƙona, ba mai tsada ba ne. Mai aurar da 'ya a Ajame ko Tireshbil ko Kano, ware awa ɗaya a kashe lasifika a ba mata ƙwarya, kuma a biya su kamar yadda ake biyan mai inji. Mai shirya fim, rubuta wa uwa da kaka da bazawara waƙa, ka nemo muryar da ta dace da su, ka sa sunan mai rerawa inda ido zai gani. Mai sitidiyo, idan yarinya ta zo da ƙirji, ja makirufo baya maimakon ka ce ta rage. Ku kuma masu tsohuwa a gida, ku zauna gabanta da waya yau, kada ku jira gobe.

Ni na jira. Gwaggo ta rasu bara da damina. Duk abin da ya rage na muryar da ta yi shekara ashirin tana cika gidajen Tireshbil shi ne ɗan hoton bidiyo na daƙiƙa arba'in da wani yaro ya ɗauka ranar bikin nan, rabinsa hayaniyar mutane ce. Da aka zo rabon kayanta kowa ya kai hannu ga zannuwa da tasoshi. Yarinyar nan ta ce ita ƙwaryar take so. Wani daga cikin yayyenta ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa ya yi shiru.