Ƙafa Ce Za Ta Zaɓi Takalmi, Ba Ido Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

A lokacin bikin Tuk Ham da ya wuce na yi kwana uku a Kwoi, hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, inda 'ya'yan ƙabilar Ham mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sukan komo gida kowace shekara. Raye-raye dai an yi su, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani saurayi da na gani da maraice a kan hanyar ƙauye. Ya ci ado, kwat da wando, amma takalminsa sabo ful mai tsinin baki yana riƙe a hannu, yana ɗingishi a kan tsakuwa ƙafa ba kome. Can gabansa kuwa wata tsohuwa ce da ƙunshin itace a ka, da tsohon takalmin taya, tana ta ba shi rata.

Na yi dariya, sa'an nan na tuna ni ma na taɓa yin wannan wauta ranar ɗaurin auren wani abokina, har farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita.

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, da ku nake. Yawancinku da ƙafa kuke neman abinci. Mai ga-ruwa a Agege, da ɗan dako a kasuwar Mil 12, da mai gadi a Ikoyi, da mai tallan goro a Sabon Badun, duk jarinsu ɗaya ne, watau sawayen nan biyu. Ran da ƙafa ta ƙi taka ƙasa babu kuɗin abinci, balle na aika wa gida. Amma abin mamaki, mutum zai yi rabin sa'a yana taya wayar hannu, in ya zo kan takalmi sai ya duba ƙyalli kawai, ya tura ƙafa da ƙyar, mai gwanjo ya ce masa, "Kada ka damu, zai buɗe." Sau da yawa kuwa kafin ya buɗe ƙafar ce ke karkacewa.

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33. In mutum ya taka, yatsu sukan baje don su riƙe ƙasa, tafin sawu ya ɗan lotsa ya shanye nauyin jiki, sa'an nan ya komo kamar baka, babban yatsa kuma ya tunkuɗa mutum gaba. Duk ƙasan takalmin da ya hana ɗayan waɗannan, ya hana ƙafa aikinta. Wanda ya yi tsini a gaba yakan tattara yatsu wuri guda ya ture babban yatsa ciki. Wanda ya yi tudu a dunduniya yakan zuba nauyi a kan gaban ƙafa. Wanda kuma ya ƙage kamar katako yakan sa mutum ya riƙa ɗaga ƙafa gaba ɗaya kamar mai tafiya cikin taɓo.

Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. A 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong suka gwada ƙafafun masu sa takalmi da na waɗanda ba sa sawa, suka tarar wajen kashi 33 cikin ɗari na masu sawa babban yatsansu ya karkace, alhali kuwa a cikin marasa takalmi abin bai kai kashi 2 ba. A 1992 aka duba yara 2,300 a Indiya, aka ga shimfiɗaɗɗen tafin sawu ya fi yawa ga masu sa takalmi, musamman sau-ciki. A 2021 kuma masana a Jami'ar Libaful ta Ingila suka sa wa mutane takalmi mai faɗin gaba, marar tudu, mai lanƙwasuwa, har wata shida, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da fiye da rabi. Yanzu kamfanonin Turai suna ƙera irin wannan takalmi suna sayarwa da tsada, suna cewa sabuwar dabara ce.

Wace sabuwar dabara? Duk wanda ya san faɗe irin na dukawan Kano da Sakkwato ya san siffarsa: shimfiɗaɗɗe ne daga dunduniya har yatsu, ya kuma fi ƙafar faɗi kaɗan, don yatsu su sami wurin shaƙatawa, ƙaya da rairayi mai zafi kuma kada su taɓa su. Haka ma mai yanka takalmin taya da na zauna wurinsa a kasuwar Kwoi. Ba ya tambayar lamba. Sai ya ce, "Malam, ɗora ƙafarka," ya zana ta a kwali kana tsaye, ya yanka bisa zanen. Wannan dattijo bai taɓa jin sunan Libaful ba, amma ya fi masana'antu da yawa girmama ƙafa.

Kada dai wani ya ɗauka ina cewa a jefar da takalmi ne. Na san za a kawo mini labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ƙafa ba takalmi. Shi a kan titin da aka share ya yi gudunsa. Manomin citta a Jaba ko Kachia cikin ciyawa yake aiki da damina, inda akwai maciji da kututture da tsutsar ciki mai shiga ta fatar ƙafa, shi dogon takalmin roba ne ya dace da shi, amma mai faɗin gaba. Kai kuma da ke Ikko kana taka ƙusa da fasasshiyar kwalba da ruwan kwata, dole ƙasan takalminka ya yi kaurin da zai tare su. Turawan ma sun wuce gona da iri a nan: kamfanin Vibram ya yi ta yayata cewa takalminsa mai siririn ƙasa yana ƙarfafa ƙafa yana rage rauni, aka kai shi ƙara a Amurka, a 2014 ya yarda ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe maganar. Ƙafar da ta saba da tudu da katifa shekara da shekaru, a hankali ake sauya mata.

Silifas ɗin roba da yawancinmu ke yini da shi ma ba shi da alheri ga mai doguwar tafiya. Da yake ba abin da ya riƙe dunduniya, sai yatsu su yi ta damƙe shi kada ya fita, in ya cinye gefe ɗaya ya karkatar da idon sawu, in an yi ruwa kuma ga santsi. Araha ba ta ado. Igiya guda a bayan dunduniya za ta gyara rabin wannan illa. Takalmin taya shi ma yana da nasa aibu, domin in aka bar shi da kauri sosai yakan yi nauyi ya ƙi lanƙwasuwa, sai an fafe shi.

Masu ciwon sukari kuwa hukuncinsu daban ne, kuma ina roƙon a karanta musu wannan. Ciwon yakan kashe jin ƙafa, har tsakuwa ta yini cikin takalmi mutum bai sani ba, ƙaramin miki ya zama gyambo, daga nan sai a ji an yanke ƙafa. Allah ya kiyaye. Su sau-ciki mai faɗi, mai laushi daga ciki ya kamata su sa, su zura hannu su laluba kafin su sa, kada su taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sana'ar a hannunmu take. Wa ke yawo da akwati yana ƙwanƙwasawa a titunan Ikko da Anacha in ba yaranmu shumeka ba? Fata tamu ce, daga Kano ake kai ta Aba a ɗinka a komo mana da ita. Amma yaran nan liƙe da ɗinki da goge kaɗai suka iya, ba wanda ya koya musu auna ƙafa. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata, wadda ake kira NILEST, tana koyar da ƙera takalmi. Me zai hana sarakunan Hausawa na Kurmi da ƙungiyoyin 'yan asalin kudancin Kaduna su nemi ta shirya wa yaran nan ɗan gajeren horo, ko da na mako biyu ne, cikin harshen Hausa?

Kafin a kai ga nan, in za ka sayi takalmin komawa gida, ka je da maraice sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada duka biyun kana tsaye. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Sa'an nan ka ɗauke shi ka lanƙwasa: in ya lanƙwasu daidai gindin yatsu, to, madalla, in ya ƙi, ko ya karye a tsakiya, ka ajiye wa mai shi abinsa ko da ya rage maka rabin kuɗin.