Kafin Ka Kira Yaro Daƙiƙi

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ita ce ginshiƙin kowane bincike na ilimi, kuma ita ce ya kamata ɗalibi mai koyon aikin malanta ya riƙe yayin da yake nazarin ilimin halayyar ɗan Adam. Abin takaici, da yawa daga cikinmu haddace darasin muke yi don cin jarrabawa, da zarar mun shiga aji sai mu ajiye shi a bakin ƙofa.

Mu ɗauki misali daga gida. Yaro ɗan shekara 10 daga Gumbin Kure zai iya bin mahaifinsa kasuwar Jega ko ta Aliero da albasa, ya yi ciniki, ya lissafa kuɗin kashi huɗu da ka, ya mayar da canji babu kuskure. Idan ya koma makaranta aka rubuta masa irin wannan lissafi a allo, sai ya kasa. Nan take malami zai ce daƙiƙi ne. To, ina basirar da ya nuna a kasuwa ta tafi?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. A shekarar 1985, Terezinha Carraher da abokan aikinta biyu sun wallafa binciken da suka yi a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Birazil. A wajen ciniki, yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai. Da aka mayar musu da su lissafin makaranta tsagwaronsa, sai sakamakon ya faɗo zuwa kusan kashi 37. Tun kafin haka, Jean Piaget (1896-1980), masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa tsakanin shekara 7 zuwa 11 tunanin yaro ya fi ƙarfi a kan abin da yake gani yana taɓawa. Ke nan sau da yawa ba ƙwaƙwalwar yaro ce ta gaza ba, hanyar koyarwa ce ba ta dace da matakin girmansa ba.

Sai dai yara biyar kacal aka yi wancan bincike da su, kuma Recife ba Maiyama ba ce. Saboda haka bai kamata mu karɓi sakamakon ido rufe ba. A ganina, kowane ɗalibi da ya fita gwajin koyarwa ya jarraba da kansa. Ya fara da lura: a ina yaro yake tuntuɓe? Ya yi hira da shi cikin lallashi, ya ji yadda yake lissafi a zuci. Sannan ya yi gwaji: tambaya ɗaya, sau ɗaya da tsakuwa ko kuɗi, sau ɗaya a allo. Ya rubuta abin da ya gani, ba abin da yake zato ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Yaron da aka laƙaba wa daƙiƙanci a gaban tsaransa yakan yarda da sunan, ya daina ɗaga hannu, wata rana ya daina zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarar da bai san iccen ba, karya shi yake yi. Malami ya bincika tukuna, sannan ya yanke hukunci.