Koriyanci da Jawanci: Yawan Baki Ba Ya Rike Harshe

Yau ina so mu leka gabashin duniya, mu kwatanta harsuna biyu wadanda ba su hada dangi ba, amma labarinsu yana da abin da zai gaya mana. Na farko harshen Koriya, kasar da ke kera mana wayar Samsung da motocin Kia da Hyundai. Na biyu harshen Jawa, wato tsibirin Java na kasar Indonesiya, kasar da taliyar Indomie ta samo asali. Atamfar nan ma da matanmu ke kira Java, daga rinin batik na mutanen wannan tsibiri Turawan Holan suka kwaiko zanenta.

Idan ta yawan jama'a ce, harsunan biyu kusan kai daya suke. Masu Koriyanci sun kai wajen miliyan 80 idan aka hada Koriya ta Kudu da ta Arewa. Jawawa kuwa su ne kabila mafi girma a Indonesiya, kidayar 2010 ta nuna sun haura miliyan 95, kimanin kashi 40 cikin dari na kasar, ko da yake ba dukkansu ke jin harshen ba. To amma yau samari a Legas da Abuja suna neman inda za su koyi Koriyanci, su kuwa malaman Jawa kukan da suke yi shi ne 'ya'yan birni suna barin harshen iyayensu. Me ya kawo wannan?

Ta fuskar gini babu abin da ya hada su. Jawanci dan gidan harsunan Malesiya da Filifin da Madagaska ne, kuma jimlarsa irin tamu ce: mai aiki, sai aikin, sai abin da aka yi wa, kamar "Audu ya ci tuwo". Aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci, kalma ake sa masa a gaba, "wis" idan an riga an yi, "lagi" idan ana cikin yi, "arep" idan za a yi. Koriyanci kuwa masana ba su tabbatar masa da dangi a cikin manyan harsunan duniya ba, kuma aikatau a karshe yake zuwa, kamar yadda Barebari ke yi, sannan a yi ta lika masa wutsiya bisa wutsiya. Kalmomin aro na Koriya daga Sin suka fi fitowa, na Jawa kuwa daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit, da Larabci, da harshen Holan.

Inda suka hadu shi ne ladabi. A duka biyun ba ka iya bude baki sai ka auna matsayin wanda ke gabanka. Bakoriye a wutsiyar aikatau yake nuna wannan: da aboki ko kane ya bar kalmar haka nan, da wanda yake jin nauyi ya kara "yo", a taro ko gaban shugaba ya kare da "mnida". Shi ya sa da wuri sukan tambayi bako shekarunsa, don su san da wane baki za su yi masa magana. Suna da 'yan kalmomin girmamawa kuma, abincin kowa "bap", na dattijo "jinji".

Na Jawa ya wuce nan nesa ba kusa ba, domin su kalmomin ne dungurungum ke sauyawa. Akwai "ngoko", maganar abokai da yara, akwai "krama", maganar ladabi, akwai "madya" a tsakani, sannan ga wasu kalmomi na musamman don daukaka wanda ake magana a kansa. Cin abinci a ngoko "mangan" ne, a krama "nedha", idan dattijo ne ke ci sai a ce "dhahar". Barci "turu", ko "tilem", ko "sare". Gida "omah", ko "griya", ko "dalem". Ni "aku" ne ko "kula", kai "kowe" ne ko "sampeyan" ko "panjenengan". Hatta kirga ba ta tsira ba, daya "siji" ce a ngoko, "setunggal" a krama. Kuma abin kunya ne mutum ya dora wa kansa kalmar da aka tanadar wa manya. Ke nan yaro kusan harshe biyu zai koya a cikin gida daya.

A ganina nan ne hanyarsu ta rabu. Koriyanci ya sha wuya. Japan ta mallaki kasar daga 1910 zuwa 1945, a karshen mulkin ta kori harshen daga makarantu, a 1940 ta matsa wa mutane su dauki sunayen Japanawa, a 1942 ta kama malaman da ke hada kamus din harshen, wasu a kurkuku suka rasu. Da aka sami 'yanci sai Koriyawa suka ba harshensu aiki: da shi ake karatu tun daga firamare har jami'a, da shi ake shari'a, da shi ake jarida da fim da waka. Suna da rubutun kansu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya kirkiro a 1443 aka kaddamar a 1446, yau haruffansa 24 ne, mai saukin koyo. Ran 9 ga Oktoba hutu ne a Koriya ta Kudu saboda wannan rubutu kawai. A 2024 marubuciyarsu Han Kang ta ci kyautar Nobel da littattafan da ta rubuta da harshen uwarta.

Jawanci ba ya rasa tarihi. An sami rubutunsa a jikin dutse tun na shekarar 804, yana da haruffansa na gargajiya da ake kira Hanacaraka, yana kuma da Pegon, wato ajaminsu, wanda almajirai ke fassara littattafan addini da shi, kamar dai yadda namu malaman ke yi. Amma ran 28 ga Oktoba, 1928, matasan kasar suka yi alkawarin rike harshe daya, suka zabi wanda aka gina a kan harshen Malay, tsarin mulkin 1945 kuma ya tabbatar da shi. Ban ga laifinsu ba, kasa mai daruruwan harsuna tana bukatar wanda ba na babbar kabila ba, kuma Jawawa sun yi dattaku da suka hakura. Sai dai hakurin ya zo da tsada. Ofis da makaranta da talabijin suka koma harshen kasa, aka bar Jawanci a gida da kasuwa da wurin biki. Saurayin da ke tsoron ya yi kuskuren krama a gaban surukinsa sai ya tsere zuwa harshen Indonesiya, inda babu wannan tarko.

Na san wani zai ce ai gara haka, krama kayan fada ne da sarauta, na danne talaka. Wannan magana ba sabuwa ba ce, tun kafin 1920 aka yi wata kungiya a Surabaya mai suna Jawa Dipa da ta nemi kowa ya koma ngoko. Akwai gaskiya a ciki. Amma Koriyawa ma sun gaji irin wannan tsari, ba su kuma zubar da shi ba, rage shi suka yi. Tsofaffin matakan magana da yawa yanzu sai a fim din tarihi irin su Jumong ake jin su, wadanda suka rage kuwa kowane yaro ya iya.

Sai mu dubi wadanda suka bar gida, domin nan ne abin ya fi shafar mu. Tsakanin 1890 da 1939 Turawan Holan suka kwashi Jawawa kusan dubu 33 zuwa gonakin Surinam a Kudancin Amurka. Jikokinsu har yau akwai masu jin harshen, amma galibi ngoko ne ya rage, krama ta koma bakin tsofaffi. A 1937 Stalin ya kwashe Koriyawa kimanin dubu 170 daga gabashin Rasha zuwa Kazakistan da Uzbekistan, yau yawancin jikokinsu Rashanci suke yi. Ashe ko Koriyanci da duk gatansa, inda ba a ba shi aiki ba bai zauna ba.

To mu fa? Wanda ya zaga Sabon Ibadan ko Agege ko Idi-Araba zai ji yara suna Hausa, ba ta bace ba. Amma wace iri? Sau nawa muke jin yaro ya ce dattijo "ya mutu" maimakon "ya rasu", ko ya ce wa kakansa "kai" gatsal inda ya kamata ya ce "ku"? Gaisuwar "ina gajiya, ina gida, yaya iyali" ta koma "ya dai". Yaron nan kuma idan ya juya Yarbanci ba ya kuskuren "e" ta manya da "o" ta tsara, saboda makwabta ba sa kyale shi. Hausar ladabi ce ke fara zubewa, kamar yadda krama ta yi a Surinam.

Shawarata biyu ce. Ta farko, mu daina yi wa yaro dariya idan ya kwafsa, ko mu kira shi dan Kudu, domin dariya ce ke korar sa zuwa Turancin buroka. A gyara masa cikin lalama. Ta biyu, mu ba Hausa aikin yi. Makarantun Islamiyya da muka gina da kudinmu su ware ko da awa daya a mako don karatu da rubutun Hausa, boko da ajami. Takardun taron kungiyoyin kasuwa da na fadar Sarkin Hausawa a rubuta su da Hausa. Mai zuwa gida ya sayo wa yara Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja tare da kilishi. Kada mu rudu da cewa muna da yawa, Jawawa ma suna da yawa.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu gama lafiya.