HAIHUWA HALITTA CE, JINKIRI KUWA SAKACI NE

Allah Madaukakin Sarki bai yi wa jikin namiji da na mace gini iri ɗaya ba. Mace tana zubar da jini kowane wata, ga ciki, ga haihuwa, ga shayarwa. Shi ya sa masana suka ce sinadarin ƙarfe mai gina jini da take buƙata a rana ya ninka na namiji: shi miligiram 8, ita 18, mai juna biyu kuwa 27. Wannan halitta ce, ba mai ja da ita.

To amma shin halitta ce ta sa a gidaje da yawa a ƙauyukan Gwarzo da Kabo tsoka da ƙwai na kwanon maigida ne, mai ciki kuwa sai ƙanzo? Halitta ce ta sa mace ta kwana tana naƙuda, ga Babban Asibitin Gwarzo, amma a ce ba mai fita da ita sai miji ya dawo daga cin rani?

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Likitoci suna ɗora alhakin galibin wannan asara a kan jinkiri uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa a can. Na ukun yana wuyan hukuma, kuma dole a ci gaba da tuhumarta. Na farkon kuwa yana wuyan maza. Jini idan ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda kuwa ita ke haifar da yoyon fitsari.

Don haka duk matashin da ya ajiye iyali, lallai ya ba da izinin zuwa asibiti tun kafin ranar ta zo, ya sanar da mahaifiyarsa da maƙwabta. Ya tura ta awo, ya tanadi kuɗin mota, ya san rukunin jininta. Wanda bai yi aure ba kuma ya miƙa hannu a ɗebi jininsa don 'yar uwarsa.

Ajali gaskiya ne, amma amana ma abin tambaya ce ranar gobe ƙiyama. Allah Ya sa a gyara.