Ɗakin da ya jira jarrabawa

Hutun da ya wuce na tarar ana ƙara ɗaki a gidanmu na ƙauye. Kowa da aikinsa: yara na ɗebo ruwa, ni da Yaya muna kwaɓa ƙasa, magini na jera tubali, Inna na dama mana fura.

Gini ya kai rufi ke nan, sai biyan kuɗin jarrabawar ƙanwata ya taso. Baba ya ɗauki kuɗin kwano ya biya, aka lulluɓe kan bangon da zana, ga damina tafe. Ya ce, "Ɗaki zai jira, jarrabawa ba ta jira."

Ƙannena, kafin ku yi wasa da karatu, ku tambaya a gida: me aka fasa dominku?