Ambulan Babu Komai, Amma Hoton Ya Yi Kyau

Edita ya sha roƙona in rubuta wani abu a wannan mujalla tamu, ina ce masa ni mai hoto ne, iyakacin maganata a taro ita ce "Alhaji a gyara hula, a kalli nan." Yau dai na ajiye kyamara na ɗauki biro, domin akwai abin da na daɗe ina gani ta cikin gilashi har ya ishe ni. Ban kama sunan kowa ba, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni ma ina cikin masu laifin, zan zo kan nawa.

Maganar ƙaddamarwa ce da gidauniya, irin yadda muke yin su a unguwar nan.

Na shiga sana'ar hoto tun kafin ambaliyar 1994, zamanin da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ka gama ka kai a wanke kana addu'ar kada ya ƙone. Na ɗauki suna da ɗaurin aure da saukar karatu, na ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Shehu, na ɗauki dambe da tashen yara cikin azumi. Daga 2009 taro ya ɗauke kamar ruwan sama. Dokar hana fita, ga hana babur a 2011, ga katse layukan waya a 2013. A shekarun nan wanda ya rataya kyamara ya fita titi ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so amsawa ba. Saboda haka da aka fara kafa rumfuna a layuka kuma, babu wanda ya kai ni murna. Abincina ne. Sai dai taron ya dawo mana da wata cuta a jikinsa.

Ku ɗauki katin gayyatar kowace ƙaddamarwa ku duba. Uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo, baƙo na musamman, babban mai ƙaddamarwa, mataimakan mai ƙaddamarwa har uku. Sunan waɗanda ake taron dominsu yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai ka kanne ido kafin ka karanta. An rubuta ƙarfe goma na safe, manya sai bayan azahar, rabinsu ma wakili suka turo. Sanƙira ya kama lasifika ya yi ta kirari, wakili ya miƙe ya ce mai gidansa ya ba da kaza, wuri ya ɗauki tafi, a miƙa ambulan, a riƙe ta da hannu biyu-biyu, ni kuma in danna. Wallahi na ɗauki hoton ambulan da na san takardar gaisuwa ce kawai a ciki. Na san nauyin ambulan mai kuɗi a hannun mutum, yadda ake riƙe ta daban ne.

Bari in ba ku wanda ya sa na yi wannan rubutu.

Duk mun san abin da ya same mu daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday da Fos Ofis, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi ma ba su tsira ba. A cikin waɗanda suka yi asara akwai wasu samari namu masu wasan kwaikwayo da kiɗan kalangu. Ku da kuke zuwa biki kun san su, su ne ke rage mana dare. Ɗakin da suke ajiye kaya ya yi kwanaki cikin ruwa. Fatar ganguna ta jiƙe ta ruɓe, lasifika ta mutu, kayan da suke sawa a wasa suka yi funfuna. Bayan hankali ya ɗan kwanta aka ce a yi masu gidauniya, aka ɗauke ni hoto.

An kafa rumfa huɗu, an yi hayar kujeru da janareto, an sayi mai, an dafa shinkafa da kaza domin babban teburi, ga ruwan roba ga lemo, ga sanƙira, ga mai bidiyo, ga ni. Duk bashi aka ci, a kan za a biya daga abin da aka tara. Yaran sun yi mako uku suna shirya wasa a kan daren ambaliyar, da gangar aro. Aka yi jawabi bakwai. Da aka zo kan wasa sai aka raɗa wa sanƙira cewa babban baƙo yana da wani taro, a taƙaita. Minti goma aka ba su. Yaron da ke fitowa a matsayin tsoho mai neman jikarsa cikin ruwa bai ma kai ga shigowa ba aka tsayar, aka shiga ƙaddamarwa.

Kuɗin da aka shelanta a lasifika ranar ya haura naira miliyan biyu. Na ji da kunnena, kuma bidiyo yana nan. Ma'ajinsu tela ne, mutum mai kunya. Wata uku ya yi yana rufe shago yana biyan Keke Napep zuwa ƙofofin gidaje. Alhaji ya tafi Abuja. Alhaji yana barci. Alhaji ya tafi Umara, a dawo bayan sallah. Wani ya ce masa ai wakili ne ya yi azarɓaɓi, shi bai ce haka ba. Biyu sun cika, Allah ya saka masu, ɗaya ma tun a wurin ya tura ta waya ba tare da ya karɓi lasifika ba. Abin da ya shigo gaba ɗaya da ƙyar ya biya mai rumfa da mai abinci. Har yau da nake wannan rubutu yaran nan da gangar aro suke zuwa biki, mai gangar yana cire kasonsa.

An ce da kare ana biki a gidanku, ya ce in gani a ƙasa. To mu ma mu gani a ƙasa.

Kun san kuɗin da bai yi gardama ba ranar? Na cikin tire ne da aka zaga da shi bayan rumfa. Mai ƙosai ta kunce bakin zane ta jefa ɗari biyar, ɗan Keke ya jefa dubu, wani almajirin kafinta ya jefa ɗari biyu yana ɓoye hannu. Na koma na bincika hotunan taron sama da ɗari, babu ko ɗaya da ya nuna tiren nan. Ƙeyata na juya masu, fuskata tana babban teburi. Ga laifina nan. Dalilina kuwa ba ɓoyayye ba ne: mutanen babban teburi su ke sayen hoto, su ke cewa a faɗaɗa a sa a firem. Mai ƙosai ba ta saye. Kafin in isa gida hoton miƙa ambulan ya hau Facebook, ana ta "Allah ya ƙara arziki, garkuwan matasa." Mutum ya karɓi yabon, ya karɓi addu'ar, ya rataya hoton a falo, kuɗin kuma yana aljihunsa. Hotona ya zama rasit na bashin da ba a biya ba, ni na buga masa hatimi.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a majalisa. Wai tona wanda bai cika alkawari ba rashin kunya ne, ba tarbiyyarmu ba ce a kunyata babba. Malam, wa ya fara kunyata wa? Telan da aka bari tsaye a rana a ƙofar gida, maigadi yana masa kallon maroƙi, shi ba shi da mutunci ne? Babu wanda ya sa wa kowa wuƙa a wuya ya ambaci adadi. Wanda ya faɗa a bainar jama'a, a bainar jama'a ya kamata a ji ko ya cika. Gwamnatin Borno kanta, bayan ambaliyar, ta riƙa fitar da bayanin gudummawar da aka yi mata, tana rarrabe abin da aka yi alkawari da abin da ya shigo hannu, alhali a cikin masu alkawarin akwai gwamnoni da manyan attajiran ƙasar nan. Sama ba ta faɗo ba. In gwamnati za ta iya yi wa waɗancan lissafi, mu me ya hana mu yi wa namu na layi?

Wasu kuma suka ce in aka matsa masu, gobe ba za su zo ba. Su huta. Zuwan da yake cin rumfa huɗu da kaza ya bar yara da bashi, rashinsa riba ce. Inda na yarda da masu kare ƙaddamarwa shi ne, bayarwa a fili tana zaburar da wani. Gaskiya ne, na ga wanda ya ninka abin da ya yi niyya don ya ga sa'ansa ya ba da. Amma ƙaryar ma tana koyarwa. Matashin da ya ga an tafa wa ambulan babu komai sau biyar ya gane cewa tafin kyauta ne, gobe in ya yi kuɗi haka zai yi.

Akwai wani hoto kuma da na daina ɗauka, ina roƙon abokan sana'ata su daina. Bayan gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairu 2023, da kuma bayan ruwa, an sha kirana rabon tallafi. A jera mata, waɗanda jiya suke da shago ko miji mai shago, a ɗora wa kowace ƙaramin buhu a hannu, mai bayarwa ya dafa buhun yana murmushi, a ce in ɗauka. Wata baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe fuska, aka ce Hajiya a buɗe, ba a ganinki. Ta buɗe. Idon da ta kalle ni da shi har yanzu ina ganinsa. In shaida ake so, a ɗauki buhunan, a ɗauki littafin sa hannu. Matar nan tana da surukai da 'ya'ya masu waya a hannu. Ku dubi aikin 'yar garin nan, Fati Abubakar, da ta fara Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta san Maiduguri da komai ba sai bam. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah, mutane a tsaye da mutuncinsu, har manyan jaridun Turai da Amurka suka yi labarinta. Mu da muke cikin unguwa, da muka san sunan kakan kowa, mu ne za mu riƙa nuna namu a durƙushe?

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk ƙungiyar da ta yi gidauniya a unguwar nan, bayan kwana arba'in ta kawo wa wannan mujalla lissafi a buga: ga abin da aka ambata, ga abin da ya shigo, ga abin da taron ya ci. A kai kwafi wurin Bulama. A daina cin bashi don ciyar da wanda ya ƙoshi tun daga gida. Harabar makarantar firamare da tabarmi sun isa. In taron na masu wasa ne ko makaɗa ko marubuci, a fara da aikinsu, a bar su su gama, jawabi ya biyo baya in da sauran lokaci. Wanda bai zauna ya kalli wasan ba, me yake ƙaddamarwa? A sa kuɗin ƙofa ko na ɗari biyu ne, yadda ake yi a gidan dambe. Masu dambe ba su taɓa jiran babban mai ƙaddamarwa ba, kuma har yau ana dambe.

Ruwan nan ya cinye mini kwalaye uku na tsoffin fim, aikin kusan shekara ashirin. Akwai fuskokin dattawan Hausari da yawa a ciki waɗanda yanzu sai a lahira. Ban nemi gidauniya ba, kuma ba zan nema ba, don na san yadda za ta ƙare. Amma duk wanda yake da tsohon albam a gida, ko ruwa ya taɓa shi, ya kawo mini shago in kwafe masa a kwamfuta kyauta, in mayar masa da abinsa.

Ni dai daga yau in an ɗauke ni ƙaddamarwa, ba zan danna a kan ambulan ba sai ma'aji ya buɗe ya ƙirga, ko ya nuna mini saƙon banki a wayarsa. Na san wasu za su daina kirana, masu waya sun yi yawa, kowa mai hoto ne yanzu. Ba komai. Hotunan taron yaran nan suna wurina, kowanne da ranarsa da lokacinsa, littafin tela ma yana nan da adadin da kowa ya ambata. Mun yi shawara da shi da edita, za mu jira fitowa biyu. Wanda ya manta, shagon telan bai tashi daga inda yake ba, yana buɗewa ƙarfe takwas. A fitowa ta uku edita ya ba mu shafi biyu na tsakiya.