Bakin Tekun Argin: Hanyar da ruwa ke buɗewa yana rufewa

A ƙasar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, akwai wani gandu na gwamnati da ake kira Bankin Argin, inda rairayin Sahara ke gangarawa har cikin tekun Atlantika. An kafa shi a 1976, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi ruwa, rabi tudu. Yini ɗaya a wannan wuri ya isa ya koya wa matafiyi amfanin bin ƙa'ida.

Mai son shiga ta bakin teku daga Nuwakshot ba shi ke zaɓen lokacin tashi ba. Ruwan teku yana kawowa ya ja baya kusan sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Idan ya ja baya, sai ya bar jiƙaƙƙen rairayi mai tauri wanda kat-kat ke gudu a kai. Direba ya rage iskar taya, ya miƙa arewa, teku a hagu, tuddan rairayi a dama, har kilomita wajen 150 zuwa ƙauyen Mamgar, ƙofar gandun ta kudu. Wanda ya yi nawa, ruwa ya cim masa a inda babu wurin kaucewa, motar tasa ta zama ta teku. Kafin a gama kwaltar Nuwakshot zuwa Nuwadibu, mai kilomita 470, a tsakiyar shekarun 2000, ta nan fatake ke bi da manyan motoci da kayansu.

A Mamgar ake nuna takardar izini a ɗauki jagora. Baƙo ko yana da ido makaho ne, kuma daga nan hanya tana barin gaɓa ta ratsa fako da gishiri da laka, kamar yadda ayarin Bilma ba ya tashi sai da madugu. Da azahar sai a isa Iwik, ƙaramin ƙauye mai fuskantar tsibirin Tidra. A lokacin sanyi, tsuntsaye fiye da miliyan 2 ke sauka a wannan yanki daga arewacin Turai da Siberiya, suna kiwo cikin lakar da ruwa ya bari. Idan suka tashi gaba ɗaya, sai a ɗauka hadari ne ya haɗo.

Mazauna ƙauyukan su ne Imragen, masunta tun kaka da kakanni. Su kaɗai doka ta yarda su kama kifi a cikin gandun, kuma da sharaɗi: jirgi mai inji ba ya shiga. Kwale-kwalensu na katako ne, da zane a tsaye, iska ke tura su. Maza su kamo kifin da ake kira mule, mata su shanya namansa, su fitar da mai, su busar da ƙwansa, wanda ke da tsada a kasuwa.

Ɗan kasuwa zai iya cewa wannan hasara ce, tun da inji ɗaya ya fi kwale-kwale goma kamu. Amma ruwan Argin ba shi da zurfi, ciyawa ce shimfiɗe a ƙarƙashinsa, a cikinta kifi ke girma kafin ya fita babban teku. Kifi kuwa yana cikin manyan abubuwan da Muritaniya ke sayarwa waje. Hana inji a nan daidai yake da manomin da ya ƙi taɓa iri ko da rumbu ya yi ƙasa.

Rashin zurfin nan ya taɓa cin rayuka. A watan Yuli na 1816, jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, kan hanyarsa ta zuwa Senegal, ya kafe a wannan wuri, domin shugabansa bai kula da gargaɗin masu auna ruwa ba. Mutum kusan 150 aka ɗora kan katakan da aka ɗaure. Bayan kwana 13, guda 15 kaɗai aka samu da rai. Sauri ya haifi nawa.

Da la'asar matafiya kan ƙarasa gaɓar Tafarit, inda dutse ya tsaya bisa ruwa, su sha shayi kofi uku a cikin hema, su kwana. Da safe su fita gabas zuwa garin Shami, su hau kwalta. Kwaltar ta rage wahala, ta kuma kawo jama'a da motoci da masu aikin zinariya kusa da iyakar gandun. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta riƙe dokar hana inji da ƙarfi, domin ranar da aka sassauta ta, kifin da ke girma a Argin ba zai kai babban teku ba.